Neman agaji: wace kalma za mu sa wa "mitigate"?

Mai Gabatarwa: Assalamu alaikum. Ƙarfe huɗu na yamma zan shiga shirin rediyo kan tunkarar damina, kuma takardar da aka ba ni in fassara cike take da "mitigate". Na rubuta "magance ambaliya", sai hankalina ya ƙi kwanciya. Tun da dam ɗin Alau ya ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya malale Maiduguri, ina tsoron kalmar da za ta sa mutane su saki jiki.

Malamar Turanci: Gara da kika dakata. In an magance abu, an gama da shi ke nan. Ita kuwa wannan kalma cewa take ruwan zai zo, sai dai a rage abin da zai ci. Yashe kwata, jera buhunan yashi a bakin zaure, ɗauke hatsi daga ƙasa. Ki ce "rage ɓarna" ko "rage illa".

Ɗan Zazzau: "Daƙile" fa? Ita ake ji a labarai kullum.

Malamar Turanci: Daƙile hana abu tasowa ne tun farko. Wa zai hana ruwan Agusta?

Tsohon Tafinta: Na daɗe ina tafinta a kotu. Idan an sami mutum da laifi, lauyansa ya miƙe kafin hukunci ya ce wannan ne karonsa na farko, ga iyali a kansa, "neman sassauci" muke cewa. A Latin ma tushen "mitigate" laushi ne. Sassauta ita ce.

Bakatsine: Ranka ya daɗe, ana sassauta wa mutum, ba a sassauta wa ambaliya. Kuma duk kun kawo aikatau, ina suna? Shekara biyu ina kiran a karɓi "ragekaifi". Yadda kakanninmu suka haɗa riga da kafi suka sami rigakafi, haka nan. "Illa" kuma Larabci ce.

Malamar Turanci: Malam, "lafiya" da "hankali" ma daga Larabci suke. Mu zubar da su?

Bakatsine: Abin da ke min ciwo, da a Kano aka ƙirƙiro ta da tuni an buga ta a ƙamus.

Ɗan Maraɗi: Ku Nijeriya kullum haka, kamar mu ba mu da baki a Hausa. Mu a Nijar "atténuer" ta Faransanci ce ke ba mu wahala, kuma tsohuwata a karkara "rage" take ganewa. Ku lura kuma, a maganar sauyin yanayi, kamar a yarjejeniyar Paris ta 2015, ana nufin rage hayaƙin da ke ɗumama duniya ne. Sauya iri ko lokacin shuka wata kalma ce daban. Kalma guda ba za ta ɗauki kotu da ambaliya da hayaƙi ba.

Bakatsine: Turanci ya ɗauka da guda. Me ya sa namu zai kasa?

Mai Gabatarwa: Malamai, uku da kwata ta yi. Na gwada "ragekaifi" a kan mai gadinmu, ya ce wuƙar wa? Zan tafi da "rage ɓarnar ambaliya". Na gode ƙwarai.

Bakatsine: Don shirin yau, to. Amma har yanzu ba ku ba ni suna ba.