Ballast: madanni ko ciko?

Jama'a, ina neman taimakonku a kan wata kalma da ta tsaya mini a wuya. Ina rubuta bayani kan tseren ƙananan jiragen ruwa da iska ke turawa, irin waɗanda mutum ɗaya ko biyu ke tuƙawa a gasar Olamfik, sai na yi karo da ballast. Nauyi ne da ake ajiyewa a cikin jirgi don ya zauna daram a ruwa.

Na fara rubuta "balas", sai na goge. Aro ba laifi ba ne, ai Rigata da ake yi a Yawuri aro ce kuma ta zauna. Matsalar ita ce balas ta riga ta sami gida a bakinmu. Ka ce wa Bahaushe "an hana motsa balas", zai ɗauka maganar ragowar kuɗi kake yi.

Ga abin da dokar ke nufi, don mu san me muke raɗa wa suna. A ƙa'idojin tsere na hukumar World Sailing, doka ta 51 ta hana matsar da ruwa ko wani kaya mai nauyi daga wani sashe na jirgi zuwa wani don a gyara zamansa ana cikin tsere. Ruwan da ya shigo, a kwarfe a zubar, ba laifi. Mai tuƙi kuma ya karkata da jikinsa yadda ya ga dama, har ya leƙa waje ƙafafunsa na maƙale da maɗauri. Amma ko tufafinsa an yi musu iyaka: kilo 8, kuma a jiƙe ake auna su, don kada wani ya sa rigar da ke shan ruwa ya ƙara wa kansa nauyi.

Na kai maganar gun wani dattijo masunci da na sani tun ina yaro. Yana zaune yana matse dalma a bakin birgi da haƙoran filaya, na yi masa bayani. Ya ce, "Ɗana, ai ka san mangala. In ta rinjaya gefe guda, dutse ake sa wa a ɗaya gefen ya danne." Na ce, "Baba, to dutsen me sunansa?" Ya ce dutse ne kawai, aikinsa danni. Daga nan na samo "madanni". Tana da daɗin faɗa, kuma ginin kalmar namu ne, kamar madubi da mabuɗi.

Sai dai madanni ba ta rufe komai ba, kuma nan ne nake so mu tsaya. Kowane samfurin jirgi yana da nauyin da ba a yarda ya gaza shi ba. In an ɗora gangar jirgi a sikeli ta kasa, sai a ɗaure mata wani ɗan nauyi, yawanci dalma, a wurin da ƙa'ida ta nuna, mai awo ya rubuta a takarda, ba a kuma taɓa shi. Wannan ba don danni aka sa shi ba. Kamar mai auna hatsi ne da mudu ya kasa ya ƙara tafi guda. Sunansa a Hausa ciko, ba ma sai mun ƙirƙira ba. Ni dai "cikon awo" nake kira.

Me ya sa har wurin ɗaurawa sai an faɗa? Saboda jirgin da nauyinsa ya taru a tsakiya, goshi da gindi suka yi sakayau, ya fi hawa igiyar ruwa cikin sauƙi. Mai kuɗi zai iya sa a ƙera masa ganga marar nauyi ya tara dalma a tsakiya, a sikeli ya yi daidai da kowa, a ruwa ya bar su. Masu samfurin jirgin da ake kira Finn, wanda ya shiga Olamfik a 1952, sun toshe wannan ƙofa da dabarar wani Bafaranshe, Gilbert Lamboley: a rataye gangar, a kaɗa ta tana kai da komo, a ƙirga lokacin da take ɗauka, daga nan a gane yadda nauyin ya bazu. Wannan kam "gwajin lilo" ne, ban ga mai musu ba.

Wani abokina malamin makaranta ya kawo "madaidaici" don ta haɗa duka biyun. Ban karɓa ba, domin haɗa su shi ne zai rikita mai karatu: ɗaya an hana motsa shi, ɗaya wajibi ne a sa shi in awo ya gaza.

Inda nake da shakka shi ne madanni, tunda masu kwamfuta da waya sun fara kiran maɓallan rubutu madannai. Mutanen Yawuri, Argungu da bakin Tafkin Cadi, in kwale-kwale ba kaya kuka sa masa dutse ko buhun yashi don kada iska ta yi wasa da shi, me kuke ce wa wannan?