Da me za a auna amfanin gidan renon yara na unguwa?

Mai tambaya, Gusau: Assalamu alaikum. Ƙungiyar matan unguwa ta ware gidaje huɗu da ake barin 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, 'yan wata shida zuwa shekara biyar, idan iyayensu mata sun fita surfe ko wankau. Masu renon suna samun hatsi da ɗan ihsani. Shekara ta kusa zagayowa. Ta yaya za a gane yaran sun amfana?

Ma'aikaciyar lafiya: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ku fara da tef ɗin awon damtse mai launi uku, kowane wata. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, a kai yaro asibiti a ranar. Rawaya daga 11.5 zuwa 12.5, kore sama da haka. A auna damtsen hagu, daidai tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, hannun a sake. Masu awo sukan ɗame tef, sai lafiyayye ya faɗa rawaya. Sannan a danna bayan ƙafafu biyun da babban yatsa na daƙiƙa uku. Idan gurbin yatsa ya zauna, kumburin tamowa ne, ko da tef ya nuna kore. A duba katin rigakafi kuma, musamman allurar ƙyanda ta wata tara.

Jami'in sa ido: Malama ta yi daidai, amma awo shi kaɗai yana yaudara. Yaron da aka auna a Agusta, rumbu ya kwashe ga zazzaɓin damina, galibi yakan fi kumari a Disamba, ko da reno ko babu. A gwada Agusta da Agusta. A kuma riƙa auna yaran wata unguwa mai irin halin taku da ba a renonsu. Abin da ya fi damuna shi ne yaran da suka daina zuwa. Galibi su ne marasa lafiya, idan aka share sunansu sai littafi ya yi kyau. A bi su gida.

Ziyara kuwa a kai ta ba sanarwa, da hantsi. Ƙirga kawunan yara ki gwada da rajista. Buɗe tukunya: kunun tsinkakke ne, ko da gyaɗa da waken soya a ciki? Randa a rufe take? Akwai sabulu kusa da buta? Mace ɗaya da 'yan goye sama da uku, a ganina, tsaro kawai take yi. Ki zauna rabin awa ki ji ko tana yi musu magana da waƙa.

Ungozoma, Anka: Hajiya, a tambaya ko ana daka ko niƙa dutsen zinariya a gidan ko maƙwabta. Gubar dalmar da ke cikin irin wannan dutse ta kashe yara kusan 400 a Anka da Bukkuyum a 2010, kuma ƙurar tsakar gida ce suke kaiwa baki. Gwajin jini ke nuna ta, tef ba ya gani. Gidan da ake wannan sana'a, a ɗauke yaran daga can tun yau.