Musayar Baitoci: Murna a Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya

Malamin Lahadi:
Salama gare ku cikin Ubangiji. 15 ga Janairu ta zagayo, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, ranar da ƙasa ke tunawa da sojojinta da suka kwanta dama. Na buɗe da ƙwar biyu, amsa-amo "ya".

Gwaji in ya zo, in ji Yakubu, 'yan'uwa,
Ku ɗauke shi murna can cikin zuciya.
Jimiri shi ke fitowa daga tsanani,
Shi ke mai da yaro babba a bangaskiya.
Sojan da ya faɗi ya gama tserensa,
Ku share hawaye, ku ce Halleluya.

Matar Soja:
Malam, ina gaisuwa, amma ka taɓa gyambo.

Kana murna, Malam, da alli a hannunka,
Ni saƙon mutuwa na karɓa da safiya.
Jakarsa aka kawo, da hula da takalmi,
Kabari na Maiduguri, ni ina Zariya.
Yesu da kansa ya yi kuka don Li'azaru,
Wa ya ce masa yaro ne a bangaskiya?

Ɗan Kwaya:
Kai! Mama ta gama magana. Malam, a koma aji.

Malamin Lahadi:
Ban hana kuka ba, Mama, ki gafarce ni,
Kuka na kwana, murna na zuwa da safiya.
Daga kurkuku Bulus ya aika Filibi,
Ku yi murna, ya ce, ga sarƙa ga wuya.

Tsohon Kofur:
Ku matsa in faɗa, ni da na ɗau bindiga,
Na kwana a rami da sauro da ƙaya.
Laftanar Kanar Abu Ali a Malam Fatori a 2016,
Musulmi ne, ya faɗi yana tsare mana baya.
Ba da rai don aminai, ba ƙaunar da ta fi ta,
Malam ya karanta, mu mun gani a sarari.

Mai Auna Kari:
Baba Kofur, ranka ya daɗe, ɗango na uku ya fi ƙarfin baiti, ka zuba masa muƙami da shekara har ya durƙusa. Na ƙarshe kuma ya sauka a "ri", alhali "ya" muke bi. Shi ma Malam aron "safiya" ya yi wurin Mama.

Ɗan Kwaya:
Ana maganar jini kai kana ƙirga gaɓa? Baitin Baba ya fi naka, tunda ba mu ga naka ba.

Mai Auna Kari:
Waƙar da za a girmama mamaci da ita ai ita ta fi cancantar a auna ta. Ko a kwaya, in murya ta kauce gyara ta ake yi.

Tsohon Kofur:
Ɗangona ya yi ɗingishi, na ji, ɗana,
Ƙafar da harsashi ya ci ma haka take tafiya.
Sunan jarumi ba na yanke shi don ma'auni,
Kai auna kari, ni na auna wuya.

Ɗan Kwaya:
Baba, Allah ya ƙara girma!

Matar Soja:
Ku yi haƙuri, kwana biyu ban leƙo ba.

A Abuja an saki tattabaru sun tashi,
Ni ina surfe, ɗana na tambaya.
Matan zumunta sun zo da masara da addu'a,
Muka rera waƙa, muryata na karkarwa ta biya.
In wannan ce murnar, Malam, na ɗan ɗanɗana,
Da hawaye ta zo, ba ta zo da dariya.

Wa ya san hanyar maƙabartar sojoji ta Maimalari? Ina so in kai yaron ya ga inda babansa yake.

Tsohon Kofur:
Na san ta, 'yata. Ki sa rana, ni zan raka ku.

Malamin Lahadi:
Kuɗin mota na wuyana, Mama.