Idon yayata ya kumbura bayan ciwon maƙoƙo: wane hoto ya dace?

Mariyama, Birni:
Assalamu alaikum. Yayata tana fama da cutar maƙoƙo, yanzu idanunta sun firfito sun yi ja, kuma tana ganin abu ɗaya ya zama biyu. Likita ya ce a yi IRM, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da ƙarfin maganaɗisu, amma me ya sa sikana, wadda ke ɗaukar hoto da hasken X, ba za ta wadatar ba?

Malam Issufu, Zango:
Wa alaikumus salam, ƙanwata, Allah ya ba ta lafiya. Sikana ta fi nuna ƙashin kwarmin ido da kaurin tsokokin da ke juya shi, shi ya sa ake nemanta kafin tiyata. IRM kuwa tana nuna ruwan da ya taru cikin tsokar, wanda ke bayyana cewa kumburin yana kan ganiyarsa, lokacin da maganin kotizon mai rage kumburi ya fi yin aiki, tun kafin tsokar ta taurare.

Hajiya Rabi:
Ƴata, idan ganinta ya fara dushewa ko launuka suka koɗe mata, kada ku jira ranar hoto, ku kai ta Babban Asibitin Damagaram nan take, domin jijiyar gani ce ake matsewa. Ku nisanta ta daga hayaƙin taba.

Mariyama:
Na gode, Hajiya. Gobe da sassafe za mu tafi.