Haɗa Laftof Mai Linux da Wi-Fi na Jami'a

A wata tattaunawa kan yadda ake haɗa laftof mai Linux da Wi-Fi na jami'a, shawarwarin da masu amfani da Ubuntu da Fedora (nau'o'in Linux) suka bayar sun fi karkata kan eduroam, wato Wi-Fi na haɗin gwiwar jami'o'i, domin nan ne aka fi shan wahala. Ba irin Wi-Fi na gida ba ne da za ka zuba kalmar sirri kawai ka wuce. Tsarin WPA2-Enterprise yake bi, inda kowa ke shiga da nasa suna da kalmar sirri.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sunan shiga. A rubuta shi cikakke, har da @ da adireshin makaranta na intanet. A wajen zaɓen hanyar tantancewa a saitin Wi-Fi, yawancin jami'o'i PEAP da MSCHAPv2 suke so, wasu kuma TTLS da PAP.

An ɗan yi ja-in-ja kan takardar shaidar CA, wato fayil ɗin da ke tabbatar wa kwamfutarka cewa da eduroam na gaskiya take haɗuwa. Wasu sun ce a tsallake ta, ai yana haɗuwa. Gaskiya yana haɗuwa, amma duk wanda ya kafa eduroam na bogi zai iya kwashe maka kalmar sirri. Gara a sauko da manhajar eduroam CAT ta saita komai.

In ya ƙi, duba agogon kwamfutar, kwanan wata da ya kauce yana hana takardar shaidar yin aiki. Masu Ubuntu 22.04 kuwa, OpenSSL 3, manhajar tsaron da ke cikinsa, kan ƙi tsofaffin kwamfutocin tantancewa (server) na makarantu, sai an je ofishin ICT.