Neman kalmar Hausa: bière de garde

Mai fassara, Yamai: Assalamu alaikum. Ina fassara wani shirin rediyo kan noman sha'ir a arewacin Faransa, kuma gobe da safe za a naɗe shi, amma na cije a kan bière de garde. Giya ce da manoman yankin Lil, kusa da iyakar Beljiyam, suka saba dafawa a lokacin sanyi domin zafi yana ɓata ta, sannan su adana ta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa tsawon makonni ko watanni kafin a sha. Me zan kira ta?

Malamin Hausa, Zariya: Tunda garde ajiya take nufi, giyar ajiya ta wadatar. Kada dai ka ce burkutu, domin shi da dawa ake yin sa, kuma ba ya jure ajiya.

Ɗan Damagaram: Gafarta Malam, ajiya ba ta nuna cewa zaman da giyar take yi shi ne yake gyara ta ba. Ni na fi son tsumammiyar giya, domin kowa ya san tsimi sai ya daɗe yake yin ƙarfi.

Hajiya, Kano: Tsimi jiƙo ne na saiwoyi, kuma mai sauraro zai zaci magani ake nufi. Ban da haka, ban ga dalilin wahalar raɗa wa barasa suna ba.

Mai fassara: Hajiya, ba tallarta nake yi ba, manomin da ke cikin shirin ne ya ambaci Jenlain, wata giya irin wannan wadda gidan giya na Duyck yake yi, mai toshiyar kwalba irin ta shamfen, kuma dole in faɗi abin da ya faɗa.

Ɗan Damagaram: Abin da na lura shi ne, duk kalmar da ba daga Kano ko Zariya ta fito ba, sai a nemo mata aibi, alhali mu ne muke fama da Faransanci kullum.

Malamin Hausa: Ba batun gari ba ne. Wani ya turo mini kwananniyar giya, na ƙi, domin kunne zai ji kamar kwantai ta yi.

Mai fassara: Lokaci ya ƙure. Zan ambaci sunan Faransancin sau ɗaya, sannan in ci gaba da giyar ajiya.

Ɗan Damagaram: Shirinka ne, ba zan hana ba, amma a nawa rubutun tsumammiya zan sa.