Fadojin dutse huɗu a kwana uku, ga Hajiya da ciwon gwiwa

Maman Yara Uku:
Salamu alaikum. Don Allah wanda ya taɓa zuwa arewacin Wales, a Birtaniya, ya ba ni shawara. Hutun watan Agusta muke son tafiya, mu shida: ni da maigida, yara uku (mai shekara 11, mai 7, da auta da bai cika biyu ba), sai surukata Hajiya. Maigida ya riga ya rubuta tsarinsa a takarda: Conwy, Caernarfon, Harlech da Beaumaris, fadojin yaƙin nan huɗu da Sarkin Ingila Edward na Ɗaya ya gina. Wai tunda hukumar UNESCO ta haɗa su wuri guda a jerin wuraren tarihi na duniya a 1986, mu ma sai mu haɗa su, a kwana uku kacal. Hajiya kuwa ko benen gida sai ta huta a tsakiya. Ni burina in zauna a ƙauye bakin rafi, in ga tumaki, yara su yi ta gudu. Wanne za mu ajiye, wanne za mu bari?

Direban Dole:
Wa'alaikumus salam, Maman yara. Ki ce da maigida ya yi haƙuri, takardar nan ba za ta kai labari ba. Ni ma da irinta na tafi bara, a fada ta uku ɗana ya zauna a ƙofa ya ce ai duwatsun nan ya gan su jiya.

Conwy ita ce ta yara. Hasumiya takwas gare ta, kuma ganuwar garin tana nan tsaye, tsawon kilomita 1.3 da hasumiyoyi 21, ana tafiya a kan badalar ana leƙa rufin gidajen mutane. Amma matakalar hasumiyoyin a murɗe take kamar katantanwa, ga ƙunci, ga santsi in an yi yayyafi. Idan mai hawa da mai sauka suka haɗu, sai ɗaya ya manne da bango. Keken tura jariri ba shi da amfani a nan, ki goya auta kawai. Hajiya kuma a kai ta bakin ruwa ta zauna, can ne wani ɗan jan gida yake, wanda ake ce wa gida mafi ƙanƙanta a Birtaniya, faɗinsa bai kai mita biyu ba. Mahaifiyata ta fi rabin awa tana kallonsa tana tambayar ina ake shimfiɗa katifa.

Harlech ki cire ta. Tana da kyau, ba musu, amma a kan dutse take, titunan garin ma gangare ne, kuma ita ce can kudu nesa da sauran.

Yar Tsibiri:
Yar'uwa, idan don Hajiya ne, Beaumaris. A fili take shimfiɗe a tsibirin Anglesey, babu tudu, ga gwalalo cike da ruwa a gefenta. An fara ta a 1295, ita ce autarsu, kuma ba a taɓa gama ta ba, kuɗin ya tafi yaƙin Scotland. Shi ya sa hasumiyoyinta suke a guntule. Daga ƙasa ma ana ganin dabarar ginin, bango cikin bango, wanda ya tsallake na waje sai ya tarar da wani ya fi shi tsayi. A hanya ku bi ta gadar Menai ta 1826, yara za su so ta.

Ƙauye kuma Beddgelert nake ba ki. Rafuka biyu ne suka haɗu a tsakiyarsa, ga tsohuwar gadar dutse. Akwai hanyar ƙafa miƙaƙƙiya zuwa kabarin wani kare, Gelert, wanda almara ta ce ubangidansa ya kashe shi bisa zaton ya cinye masa jariri, ashe kerkeci ya kashe don ya kare yaron. Ki yi tunani kafin ki ba mai shekara 7 labarin, tawa kuka ta yi har mota.

Malamin Tarihi:
Ni dai ina bayan maigida a abu ɗaya. Ku bar Harlech in kun ga dama, amma ba a zuwa yankin nan a ƙi taka Caernarfon. Ita Edward ya gina don a ji tsoronsa bayan ya ci Wales da yaƙi, a 1283 aka sa harsashinta, hasumiyoyinta ma masu kusurwa ne, na sauran kuwa zagayayyu. A farfajiyarta aka naɗa Charles, ɗan Sarauniya Elizabeth, Yariman Wales a 1969. Babban yaronku ya isa ya fahimci wannan. Kuma daga garin akwai jirgin ƙasa mai tururi da ke ratsa duwatsu ya tsaya a Beddgelert. Hajiya na zaune a kujera, duwatsun ne za su zo su same ta.

Direban Dole:
Malam ya yi gaskiya kan jirgin. Na manta ban faɗa ba, hanyoyin ƙauyen ƙunci gare su, katangar dutse dama da hagu, wani lokaci tunkiya ta tsaya a tsakiyar titi tana kallonka. Tun Satumbar 2023 yawancin titunan cikin gari mil 20 ne a awa. In maigida ya ga ARAF a rubuce a kan kwalta, da harshensu ake ce masa ya rage gudu. Rigar ruwa kowa da tasa, lema iska ce ke juya ta.

Maman Yara Uku:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Na karanta wa maigida duka, ya soke Harlech da biro yana ƙunƙuni. Conwy ranar farko, Caernarfon da jirgin rana ta biyu, mu kwana a Beddgelert. Beaumaris muna ta ja, sai Hajiya ta ji an ce babu tudu, ta ce a rubuta mata ita da babban baƙi.